Kwana Goman da Na Rasa a Alkahira

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya halicci ƙashi kuma ya san abin da ke gudana a cikinsa. Sunana Buhari, mutumin Illela, sana'ata albasa. Da ajami na rubuta wannan labari a kan shimfiɗata, kaɗan-kaɗan, duk ranar da baya ya bar ni na zauna. Daga baya aka juya mini shi zuwa boko.

Daga saman motar albasa na faɗo a hanyar Ƙonni, ina cikin ɗaure buhuna igiya ta tsinke. Wata biyar na yi a kwance a Sakkwato. Likitoci suka ce lakar bayana ba ta tsinke duka ba, ta dai ji rauni, shi ya sa babban yatsan ƙafata ta dama yake motsi idan na matsa masa, kuma nake jin tsinin allura a cinya. Suka ce mai irin wannan ana sa masa rai, sai dai ƙafafun ba za su iya ɗaukar nauyina a tudu ba tukuna, gara a fara koya musu aiki a inda nauyi yake raguwa, wato cikin ruwa. Aka samo mana wata cibiyar gashin ƙashi a Alkahira, aka ba mu mako shida. Ranar dawowa tana rubuce a tikiti tun kafin mu tashi. Ko in miƙe a cikin waɗannan makonni, ko in dawo a keken guragun da na tafi a kansa. Wanda ya raka ni shi ne ƙanena Sahabi, uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara goma sha biyu. Manomi ne a Kalmalo, ya bar gonarsa a hannun surukinsa ya biyo ni.

A filin jirgi wani ɗan ƙasarmu ya tarbe mu, wanda aka haɗa mu da shi ta waya, aka ce ya daɗe a garin kuma shi zai yi mana tafinta. Ya yi ta kirana Baba Malam, yana tura kekena da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan. Tun muna gida ya yi alkawarin ɗaki a ƙasa, kusa da cibiyar. Da muka isa sai ga ɗaki a hawa na huɗu, lif ɗin gidan ya mutu tun bara, cibiyar kuma sai an yi tafiyar kusan sa'a guda a mota. Ya ce gobe za a gyara lif. Har muka bar ƙasar goben ba ta zo ba.

Mai gadin gidan wani dattijo ne baƙi siriri, mutumin kudancin ƙasar, ana ce masa Ammu Sa'id. Shi da Sahabi suke ɗaukata a kan kujerar roba, su sauko da ni da safe su hau da ni da la'asar. Matakala sittin da takwas ne, na ƙidaya su da ƙashin bayana. A kowane hawa sai su ajiye ni su huta, tsohon yana haki yana yi mini murmushi. Na gwada yi masa godiya da Larabcin da na karanta a zaure, ya saurara har na gama, ya dafa ƙirji ya ce in yi masa addu'a, don a ganinsa mai magana haka ko dai limami ne ko mai karanta labarai a rediyo. Nasu Larabcin kuwa da gudu yake fita, kafin in kama kalma ɗaya uku sun wuce.

Ranar da aka karɓe mu a cibiyar aka shigar da ni wani ɗaki. Akwai nas mace da takarda a hannu, ga tafinta, ga Sahabi tsaye a bayan kekena. Ta yi ta tambayoyi tafinta yana juyawa: ina nake ji, ina ba na ji, akwai gyambo a jiki, ina shan wane magani. Can sai ya ɗan kawar da kai ya ce tana tambaya ko ina riƙe fitsari.

Ba na riƙewa. Tun da aka cire mini robar fitsari a Sakkwato yake zuwa ba sallama, wani lokaci in ji alama, yawanci sai dai in ga ƙyalle ya jiƙe. Sahabi ne yake wanke ƙyallayen, yana shanya su a inda ya san idona ba zai kai ba, kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa maganar ba. Yanzu ga mace tana kallona, ga yaron da bai kai ɗan cikina ba yana jiran amsa, ga ƙanena a bayana. Na ce lafiya lau, ina riƙewa. Na ji hannun Sahabi ya motsa a kan mariƙin keke, amma bai ce komai ba. A wurinmu ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban baƙi. Nas ta rubuta, ta wuce tambaya ta gaba. Bayan kwana uku tafinta ya daina ɗaukar waya, ba mu sake ganinsa ba.

Ruwan a wani babban ɗaki yake, an gina masa kwarmi da tayil shuɗi, gefe ɗaya mai zurfi gefe ɗaya gajere, da ƙarfen riƙewa a kewaye. Yana da ɗumi kamar ruwan da aka surka wa mai jego, ɗakin kuma yana warin maganin wanke ruwa. Ni ɗan tudu ne, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Mai kula da ni wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai sanƙo, sunansa Hani. Ya lura da Larabcin da nake ji, sai ya riƙa yi mini magana a hankali da na littafi, yana dariyar kansa idan ya yi kuskure. Ya nuna mini a jikinsa yadda aikin zai tafi. Ya sa hannu a wuya, ya ce a nan ruwa ne zai ɗauki kusan duk nauyina. Ya sauko ƙirji, ya ce a nan ƙafa za ta karɓi kaɗan. Ya sauko ƙugu, ya ce a nan za su raba. Sannan ya nuna wasu ƙarafa biyu dogaye a tudu, waɗanda ake tsayawa a tsakaninsu, ya ce can muke so mu kai kafin ranar tafiyata.

Aka ɗora ni a kujera mai inji, ta ɗaga ni ta juya ta sauke ni a hankali. Na roƙa aka bar mini dogon wando da riga. Da ruwa ya kai wuyana Hani ya sa hannu a hammatata ya zame ni daga kujerar, aka rataya mini wani abu mai iska a ƙirji. Sai na ga ƙafafuna sun miƙe ƙasa da kansu. Tafin ƙafar dama ya taɓa tayil, na ji sanyinsa daga nesa, kamar ana ba ni labari. Wata shida rabona da in tsaya a tsaye. Na duba sai na ga kaina daidai da kan Hani, ba ina ɗaga ido ina kallon haɓar mutum ba kamar yadda na saba. Na yi hamdala a zuci. A wannan lokacin kuma wani tunani ya faɗo mini: mu biyar ne a cikin ruwan nan, kuma ban san abin da jikina yake yi ba.

Na san hukuncin. Na karanta shi, na ma sha faɗa wa wasu a zaure: ruwa mai yawa idan launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canja ba yana nan da tsarkinsa, mai yoyon fitsari kuma an yi masa uzuri. Amma ba hukunci ne yake cin raina ba. Akwai wani tsoho a gefena da yake kurɓar ruwan da fuska idan ya gaji. Kuma na riga na faɗi magana an rubuta. Sai na yanke wa kaina shawara ni kaɗai, cewa abin da bai shiga ciki ba ba zai fita ba.

Daga ranar na daina shan ruwa tun daga sallar isha'i har sai an fito da ni daga kwarmi bayan azahar. Shayin safe na bar shi. Da Sahabi ya kawo kofi sai in ce azumin nafila nake yi. Ya ce Litinin da Alhamis ya sani, Talata kuma fa? Na ce mai neman lafiya ba ya zaɓen rana. Ya ɗauke kofin. Allah ya gafarta mini, ko niyyar azumin ban ɗauka ba, don idan mun dawo da la'asar nakan ɗan kurɓa, ba da yawa ba, saboda tunanin gobe.

Tsohon nan da yake gefena a ruwa, a rana ta huɗu ya ji ina yi wa Sahabi magana, sai ya juyo ya ce, “Kai, 'yan ina ne ku?” da Hausa. Sunansa Alhaji Idrisu, daga Sudan ya zo, mota ce ta kife da shi. Kakansa ya bar ƙasar Sakkwato a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya noma a hanya don ya sami guzuri, noman bai ƙare ba har ya mutu. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, da Larabci a tsakiya. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba amma ya tambaye ni ko har yanzu ana yin fura da gero ɗanye. Da ya ji sana'ata ya sa mini suna Sarkin Albasa, kullum kuma sai ya ce wa Hani a ƙara magani a ruwa, an jiƙa albasa. Ya ba mu garin kuka a ƙulle a leda, daga cikin wanda 'yarsa ta haɗo masa. Ranar Sahabi ya yi miya a kan ƙaramin risho, ba daddawa, ba ta yi daɗi ba, muka cinye muka suɗe kwanon. Na tuna ƙofar gidana da yamma, lokacin da motocin Ƙonni suke dawowa ana kiran farashi da kuɗin sefa, na juya fuska bango.

Aikin ruwa yana ci gaba. Hani yakan riƙe ƙuguna ya ce in tura ƙafar dama gaba, in ja ta baya, in buɗe in rufe. Wani lokaci ya kwantar da ni a kan ruwa ya riƙa jana a hankali, bayana da ya sandare ya saki. Ta hagu ba ta jin kira, sai ya sa ƙafarsa ya tura ta. A ƙarshen mako na biyu ya matso da ni inda ruwa yake a ƙirji, na yi taku huɗu ina riƙe da ƙarfe. Amma harshena ya zama kamar fata, leɓɓana sun tsage, kaina yana sarawa tun safe. Abin da yake fita daga jikina ya koma ja-ja mai wari. Hani ya tambaye ni sau biyu ko ina shan ruwa sosai, ya ce ɗumin kwarmi yana sa gumi ko mutum bai sani ba. Na ce ina sha.

Ranar ashirin da zuwanmu na tashi da sanyi a jiki, na ɓoye. Muna tsakiyar aiki, ruwa a ƙirji, sai na ga fitilun rufi suna nisa. Abin da na sani bayan nan ina kwance a bakin kwarmi, an ɗaga ƙafafuna sama, Sahabi yana kiran sunana gatsal, ba Yaya ba, abin da bai taɓa yi ba. Aka kai ni asibitin da ke haɗe da cibiyar, aka sa mini ƙarin ruwa a hannu. Likita ya ce ciwo ya kama mafitsara yana neman hawa ƙoda, saboda fitsari yana kwana a ciki ba ya fita duka, ga kuma rashin shan ruwa. Ya ce mai zazzaɓi da irin wannan ciwo ba ya shiga kwarmi sai ya warke sarai. Kwana goma aƙalla.

Da rana tsaka aka bar mu mu biyu a ɗakin. Sahabi yana tsaye a bakin taga ya ba ni baya. Ya yi magana bai juyo ba.

“Yaya, mi kaka ɓoye min? Wata shida ni ka wanke ƙyallen nan. Ka ɗauka ban san mi nika wankewa ba?”

Na ce masa ya yi shiru.

“Na yi shiru ranar da matar nan ta tambaye ka. Shirun nan ne ya kawo mu nan. Na baro gona, na baro iyali, ina hawa da kai bene kamar buhu, ban gaji ba. Amma in koma da kai yadda na zo da kai don kana jin kunyata, wannan ya gajiyar da ni.”

Na goya shi yana ƙarami, ni na kai shi makarantar allo, ni na tsaya masa a aurensa. Ya fita ya ja ƙofa a hankali. Da ya dawo ya zo da gorar ruwa ya ajiye kusa da hannuna, ya zauna a ƙasa yana jan carbi.

Kashegari aka turo Alhaji Idrisu a kekensa ya zo dubiya. Ya kori Sahabi da wasa, ya ce manya za su yi shawarar kasuwa. Da ɗakin ya zama daga ni sai shi, ya zaro wata siririyar roba a cikin leda daga aljihun jallabiyarsa ya ɗora a kan gadona. Ya ce shekara biyu ke nan da ita yake rayuwa, da ita yake fitar da fitsari sau biyar a yini, ya ma daidaita ta da lokutan salla don kada ya manta. Ya ce duk mu biyar da muke cikin ruwan nan, huɗu haka suke yi kafin su shiga, akwai ɗaki a gefen kwarmi don wannan kawai, ƙofar da nake gani mai launin kore. Da na faɗi gaskiya ranar farko, da nas namiji ya koya mini a yini ɗaya.

Na ce masa ai saboda shi na yi, don na ga yana sa fuska a ruwan.

Ya yi dariya har ya yi tari. “Sarkin Albasa, kai kaɗai ne Allah ya jarraba a Misra? Ka kusa kashe kanka don ka tsare mini ruwan da ni na fi ka sanin abin da ke ciki.” Sannan dariyar ta tafi, ya ce shi ma wata uku ya yi yana ɓoye wa matarsa, har ta gaji ta ce masa ita ta wanke 'ya'ya bakwai, na takwas ba zai gagare ta ba.

Nas namiji ya zo ya koya mini, da wanke hannu da komai. Hannuwana lafiyarsu ƙalau, na iya tun a karo na uku. Abin bai kai wahalar ɗaure buhu ɗaya ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo a kwanakin nan goma, ina kwance ina shan ruwa kofi bayan kofi, ina jin ƙafar dama tana komawa barci. Sahabi yana lanƙwasa mini gwiwoyi safe da yamma yadda Hani ya nuna masa. Mun nemi a ƙara mana kwanaki, aka ce gurbina an riga an ba wani daga ranar da zan tafi, takardar zamanmu ma ba ta da sauran tsawo.

Da na koma saura kwana goma sha biyu, biyu daga ciki cibiyar ba ta aiki. Hani bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni ya nuna ƙofa mai launin kore, na gyaɗa kai, shi ke nan. Ya mayar da ni ruwan wuya, inda muka fara. Kwana uku kafin mu dawo ƙirji. Na yi aiki a kwanakin nan kamar mai girbi ya ga hadari, har Hani yana cewa in sassauta, gajiya ma tana mayar da jijiya baya. Alhaji Idrisu ya gama nasa ya tafi, ya bar mini sauran kukar. Ammu Sa'id ya fara ɗingishi saboda hawa da ni, bai fasa ba. Saura kwana uku na kai ruwan ƙugu. A nan na gane nauyin kaina, ƙafafuna suna rawa kamar na ɗan maraƙi, amma na tsallaka kwarmin daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ta hagu ta ja kanta da kanta sau biyu, tana share tayil.

Ranar ƙarshe Hani ya ce bisa tsari sai na yi mako guda a ruwan ƙugu kafin a gwada tudu. Bai ambaci kwana goman ba, ni ma ban ambata ba. Ya ce duk da haka ba zai bar ni in tafi ban san inda na tsaya ba. Aka shanya ni, aka sa mini kaya, aka tura kekena zuwa bakin ƙarafan nan biyu. Ya ɗaura mini ɗamara a ƙugu ya riƙe ta baya. Na kama ƙarfe da hannu biyu na yi bismilla na ja jikina sama.

Na tsaya. Ba ruwa, ba abin iska, nauyina duka a kan hannuwana da ƙafafuna. Gumi ya keto mini. Na tura ta dama, ta tafi, tafin ya sauka. Na kira ta hagu. Na sake kiranta. Tana nan a baya inda na bar ta, kamar an kafe ta da ƙusa. Hani yana jiran in ce a mayar da ni keke. Sahabi yana tsaye can gefe da jakarmu a kafaɗa, ya sunkuyar da kai don kada in ga yana kallo.

Na ce, “Sahabi, aje jakar nan. Zo ka ɗaga min ƙafar.”

Ya zo ya durƙusa a gabana, a gaban duk mutanen ɗakin. Ya kama idon sawuna na hagu da hannu biyu, ya ɗaga ya ajiye gaba. Na tura ta dama. Ya sake ɗaga ta hagu. Haka muka kai ƙarshen ƙarafan, taku shida, uku nawa uku nasa.

A keke na sauka a Illela. Maƙerin unguwarmu ya kafa mini bututun ƙarfe biyu a tsakar gida. Sahabi yana zuwa daga Kalmalo a babur kowace safiya kafin ya shiga gona, ya cire takalmi ya durƙusa. Jiya a taku na huɗu ya miƙa hannu zai kama ta hagu, na ce ya dakata. Muka jira tare, ni da shi, muna kallon ƙafar.